Doki Ɗaya Da Rabi A Ɗakin Inna

Duk wanda ya taɓa kwana a Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, tsakanin watan Fabrairu da watan Afrilu, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan abin da ake kira zafi. Garin yana ƙasa-ƙasa ne a kwarin Binuwai, ba shi da tudun da ke ba Jos sanyinta, ko da yake a jiha ɗaya suke, watau Filato, har zuwa ran 1 ga Oktoba, 1996, sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa. Da rana zafin ya kan haura digiri 35, da dare kuwa bangon siminti da rufin kwano su yi ta amayar da abin da suka sha tun safe, har mutum ya rasa gefen da zai juya a kan katifa.

A cikin wannan gari, a unguwar Bukan Sidi, akwai wani akawu da ke aiki a ofishin lissafin kuɗi na wata ma'aikata. Mutum ne mai matsakaicin hali, da mata ɗaya da 'ya'ya biyar, kuma mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna, tana zaune a wurinsa tun rasuwar mahaifinsu. Inna ta doshi shekara tamanin, ga ta kuma da hawan jini. In bazara ta kama, barci ya kan ƙaurace mata, sai a gan ta da tsakar dare zaune a bakin gado da mafici a hannu, fanka na juyawa a sama amma iskar da take kaɗowa kamar daga bakin murhu. Likita ya sha gaya wa maigidan cewa zafi mai tsanani ya fi yi wa tsofaffi illa, kuma rashin barci ba ya yi wa mai hawan jini kyau.

Ana saura kamar kwana goma a kama azumin shekarar 2025, wanda ya faɗo a watan Maris, tsakiyar zafi, sai ga autan Inna, wanda ke sana'ar sayar da yadi a Abuja, ya iso da mota ɗauke da manyan kwalaye biyu. Na'urar sanyaya ɗaki ce, wadda aka fi sani da iyakwandishan, sabuwa fil. Kafin la'asar mai gyara ya huda bango, ya kafa rabinta a cikin ɗakin Inna, rabi a waje, aka danna, sanyi ya fara sauka. Inna ta yi ta sa albarka har da hawaye. Auta ya dubi wansa yana murmushi ya ce, "Yaya, doki ɗaya da rabi ce. Mai shagon ya tabbatar mini ba ta cin wuta." Washegari ya koma Abuja da ladansa.

Wannan kalma ta doki ta tsaya wa maigidan a rai, domin ta tuna masa da wani abu na ƙuruciya. Mahaifinsu ya taɓa samun kyautar doki daga ubangidansa, kuma ran da aka kawo shi unguwa duka ta zo taya murna. Amma a shekarar 1984, da hatsi ya yi tsada, dokin nan ya zama shi ne babban baki a gidan: dawa, da dusa, da kanwa, da harawar da shi kansa maigidan, yana ɗan yaro, ke zuwa ɗaukowa kullum da yamma. Daga ƙarshe mahaifinsu ya kai shi kasuwa da asuba, don kada a gan shi yana sayar da kyautar babba. Tun daga nan ya gane cewa mai ba da doki rana ɗaya yake yin kyauta, mai karɓa kuwa kullum sai ya fita neman harawa. Duk da haka bai ce uffan ba, gama ba a tada zancen ɗawainiya a ranar da ƙane ya kyautata wa uwa.

Mita ce ta fara tada zancen. Gidan yana da irin mitar nan da ake sayen wuta tun kafin a sha. Bisa ga al'ada, in maigidan ya sayi wutar naira 20,000 ya kan sami yunit 89, gidan kuwa na cin kamar yunit 6 a yini, tsakanin firji da fankoki da fitilu da talabijin, watau ta kan kai shi mako biyu har da ɗoriya. To, wannan karon kwana huɗu kacal aka yi, ana tsakiyar cin abincin dare, sai gidan ya yi ɗif, alhali kuwa ga fitilun maƙwabta na haske. Ashe yara sun tare a ɗakin kakarsu, sun mai da na'urar digiri 16, suna shiga suna fita ƙofa a buɗe, tun daga azahar har wayewar gari.

A nan ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa naira 20,000 ba ta sayen fiye da yunit 89 a wannan gida. Tun da aka sayar wa 'yan kasuwa kamfanonin rarraba wuta a watan Nuwamba na 2013, Jihar Nasarawa ta faɗa rabon kamfanin AEDC, tare da Abuja da Neja da Kogi. A shekarar 2020 aka kasa masu shan wuta rukuni biyar bisa ga yawan awoyin da aka yi musu alkawari a yini: rukunin A awa 20, rukunin B awa 16, na C awa 12, na D awa 8, na E kuwa awa 4. Ran 3 ga Afrilu, 2024, hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa, watau NERC, ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya na rukunin A daga wajen naira 68 zuwa naira 225. A watan Mayu aka sauke shi zuwa naira 206 da kwabo 80, a watan Yuli kuma aka mai da shi naira 209 da kwabo 50. In an ɗora harajin VAT na kashi 7 da rabi cikin ɗari, sai yunit ya sake komawa wajen naira 225. Layin da ya bi ta gidan akawun nan yana rukunin A.

Abin ya zama gaba kura baya sayaki. A da, sa'ad da wutar Lafiya ke yin dogon zango daga wajen Akwanga tana isowa a gajiye, ƙwan fitila ma da ƙyar yake ja, ballantana a yi zancen na'urar sanyi. Da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe babbar tashar wuta ta Akurba a watan Fabrairu na 2022, sai irin waɗannan na'urori suka fara yawaita a bangon gidaje. Wuta ta samu da ƙarfinta, amma shekara biyu bayan haka kuɗinta ga waɗanda suka fi samunta ya ninka har sau uku.

A daren nan maigidan ya ga abin kunya ne a ce shi da ke lissafa kuɗin hukuma har zuwa kwabo bai san abin da ke cin nasa ba. Ya ɗauki tocila ya haska 'yar takardar da ke manne a jikin na'urar, ya ga lamba biyu, ɗaya ta ce wat 3,500, ɗaya ta ce wat 1,200. Ya buga wa mai gyara waya. Mai gyara ya ce, "Ranka ya daɗe, babbar lambar nan ƙarfin sanyin da take bayarwa ne, ba ruwanta da mita. Ƙaramar ita ce abincinta. Zancen doki ɗaya da rabi kuwa suna ne na kasuwa, ka bar shi, ka riƙe abin da ke rubuce." Shi dai awon ƙarfin inji da doki ya samo asali ne daga James Watt, mutumin Sikotilan, wanda a ƙarni na 18 ya kwatanta aikin injinsa na tururi da aikin dawaki. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne, kuma daga sunan mutumin nan aka samo ita kanta kalmar wat.

Ƙa'idar lissafin ba ta da wuya. Abin da ya ci wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, shi ya ci yunit ɗaya. Ke nan na'ura mai wat 1,200, in injinta bai tsaya ba, tana cin yunit ɗaya da ɗigo biyu a kowace awa, watau naira 270. Maigidan ya ce a yi mata awa 8 kawai a dare, kwana 365. Awoyi suka tashi 2,920, yunit ya tashi 3,504, da ya buga da naira 225 sai ga naira 788,400 ta fito. Ya sake bugawa, ba ta sauya ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne a wata, watau naira 840,000 a shekara. Ashe kyautar Auta tana neman cinye kusan albashin ƙaramin ma'aikaci na shekara guda. In kuma wuta ta ɗauke aka ce a ta da janareto, abin ya fi haka muni, domin mai gyara ya shaida masa cewa janareton da zai ɗauki wannan na'ura ya kan sha kusan lita guda a awa, ga shi kuwa a ƙarshen 2024 litar fetur ta haura naira 1,000 a wurare da yawa.

Kuskuren da ya yi shi ne, ya fito tsakar gida ya gaya wa uwargidansa wannan adadi da ƙarfi, cikin ɓacin rai, bai lura tagar Inna a buɗe take ba.

Kashegari Inna ta ce sanyin nan yana ta da mata ciwon gwiwa, a bar kunna shi. Ta karɓe rimot daga hannun yara ta cusa a ƙarƙashin matashinta. Maigidan ya ji wani nauyi ya sauka daga kansa, har ya yi godiya ga Allah a ɓoye. Azumi ya kama, zafi ya daɗa ƙaruwa. A dare na shida, da ya tashi sahur, sai ya leƙa ɗakinta, ya tarar da ita zaune a kan tabarma ta jingina da bango, ta jiƙa mayafi ta yafa a kafaɗa, idanunta sun faɗa don rashin barci. Ya ce, "Inna, gwiwar ce?" Ta kau da kai, gama ba ta kama sunansa, shi ne ɗan fari, ta ce, "Kai dai je ka ci abinci. Wanda ke da yara biyar a makaranta ba ya ƙona kuɗinsa don tsohuwa ta ji iska."

Abincin sahur bai ciwu ba ran nan. Yana son ya ce mata kuɗin ba kome ba ne, amma ya san ƙarya ce, ita ma ta sani. Yana son ya kira Auta, amma yana tsoron kada a ce ya raina kyauta, ko yana baƙin ciki da ƙanensa ya riga shi. Daga ofis ya zarce shagon mai gyara ya kwashe labari duka ya gaya masa. Mai gyara ya saurara, sa'an nan ya ce, "Lissafinka daidai ne a takarda, amma lissafin dokin da ke sukuwa dare da rana ne. Ita wannan tana da inji a waje da ke matsa iskar gas, shi ne mai cin wuta. In ɗaki ya kai sanyin da aka nema, sai ya tsaya ya huta, fanka kaɗai ta ci gaba. Amma in ka ce mata digiri 16 a garin nan, ba za ta taɓa kaiwa ba, saboda haka ba za ta taɓa hutawa ba. Akwai wata iri da ake kira inbata, mai rage gudu maimakon tsayawa, ta fi wannan tattali amma ta fi ta tsada. Tun da wannan ce a hannu, ka bar takarda, ka tambayi mita."

Da yamma, bayan an sha ruwa, maigidan ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce, "Inna, alfarma nake roƙo. Gwaji nake so in yi na kwana uku, kuma in ba mutum a ɗakin gwajin ba zai yi daidai ba. Ki daure da gwiwar ki taimake ni." Ta dube shi, ta gane, shi ma ya san ta gane, amma ta zaro rimot ta miƙa masa.

Daren farko ba a kunna ba. Ya rubuta abin da mita ta nuna da ƙarfe 10 na dare, ya sake dubawa da ƙarfe 6 na safe, ya ga gidan ya ci yunit 2. Dare na biyu aka kunna a digiri 16, da safe yunit 11 da rabi suka tafi, watau na'urar ita kaɗai ta ci 9 da rabi, kamar dai yadda takarda ta faɗa. Kafin dare na uku ya sa aka toshe hujin da ke gefen taga, aka cusa tsumma a ƙasan ƙofa, aka rataya labule mai kauri a tagar yamma wadda rana ke duka, aka wanke ragar da ke tace ƙura, aka kuma kafa wa yara doka. Ya sa ta a digiri 25, ya bar fankar sama tana juyawa a hankali. Da safe mita ta nuna yunit 7 da rabi, watau na'urar ta ci 5 da rabi. Inna kuwa ran nan sai da aka buga mata ƙofa sau biyu kafin ta tashi sahur.

Daga nan ya lura da kuskurensa na biyu, cewa ya lissafa shekara kamar dukanta bazara ce, alhali kuwa Allah bai yi ta haka ba. Sai ya sayo littafin rubutu ya kasa ta huɗu. Bazara, daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Mayu, ya ba ta kwana 100, kowace rana yunit 8, watau na dare da na 'yan awoyi bayan azahar, ya tashi yunit 800. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ya ce yawancin darare fanka ta isa, sai dai daren da hadari ya haɗu bai zuba ba, ya ware dare 40 a yunit 3, ya tashi 120. Zafin kaka na Oktoba da Nuwamba ya ba shi kwana 60 a yunit 4, ya tashi 240. Hunturu, daga Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu, sa'ad da Inna ke neman bargo, ya rubuta sifiri. Jimla yunit 1,160, a naira 225, ya kama naira 261,000. Ya ɗora naira 20,000 ladan mai gyara na wanki da dubawa sau biyu a shekara, ya kuma cike zuwa naira 300,000 saboda abin da ka iya tasowa. In an raba wata goma sha biyu, naira 25,000 ke nan a wata.

Wanda ke son ya yi irin wannan a gidansa, ba ya bukatar ya zama akawu. Ya raba kuɗin da ya biya da yawan yunit ɗin da aka ba shi, ya sami farashinsa na gaskiya har da haraji, domin kowane rukuni da nasa, kuma farashi kan sauya. Ya tambayi mitarsa dare ɗaya ba na'ura, dare ɗaya da na'ura, ya ɗebe wannan daga wancan. Sa'an nan ya ƙidaya kwanakin zafin garinsu, gama bazarar Sakkwato ba ta Jos ba ce. Ba kuwa abin mamaki ba ne in adadin ya fito da nauyi. Tun da Willis Carrier ya ƙera na'urar farko a 1902 don wata maɗaba'a a Amurka, inda laima ke ɓata takarda, sanyi bai taɓa zama kyauta ba. Hukumar makamashi ta duniya mai mazauni a Faris ta bayyana a 2018 cewa fankoki da na'urorin sanyi suna cin kusan kashi ɗaya cikin goma na dukan lantarkin da duniya ke sha.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi lissafin wuya. Naira 25,000 a wata ta ragu ƙwarai daga abin da ya fara gani, amma har yanzu ta fi ƙarfin aljihunsa shi kaɗai. Ya jira har ranar Salla, Lahadi 30 ga Maris, da Auta ya zo gida. Bayan an sauko daga idi an gaisa, ya ja shi zaure ya miƙa masa littafin, ya ce, "Auta, Allah Ya saka maka da alheri, Inna ba ta taɓa barci irin na bana ba. Ga abin da dokinka ke ci. Ban kawo maka ƙara ba, na ga dai bai kamata in ɓoye maka ba." Ya kuma gaya masa labarin jiƙaƙƙen mayafi.

Auta ya daɗe yana duban shafin. Fuskarsa ta fara ɗaurewa, har maigidan ya yi zaton abin da yake gudu ya faru. Can sai ya ɗago ya ce, "Yaya, wallahi ni kuɗin shago kawai na gani. Kwana shida tana zaune cikin zafi kuma ba wanda ya kira ni?" Ya karɓi biro ya rubuta a ƙasan shafin cewa naira 15,000 a wuyansa take kowane wata, maigidan ya ɗauki 10,000. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suka kuma yi shawara cewa tun da hunturu ba a kashe kome, a riƙa tara na waɗannan watanni don bazara mai zuwa, kamar yadda ake tara harawa da kaka.

Su biyu suka shiga wurin Inna tare, suka karanta mata abin da ke cikin littafin dalla-dalla, ba su rage kwabo ba, domin maigidan ya riga ya ga abin da rabin magana ta taga ke jawowa. Ta saurara har suka gama. Ta tambaya ko kuɗin makarantar yara zai taɓu, suka ce ba zai taɓu ba. Ta tambaya wace lamba ce aka ce a riƙa tsayawa a kai, suka ce 25. Ta ce a nuna mata siffarta da kyau, aka nuna mata. Sa'an nan ta miƙa hannu ta karɓi rimot ta mayar ƙarƙashin matashinta, ta ce daga yau duk yaron da ya taɓa shi, da ita zai yi.